Tarihin Magabata: Hasan Ibnul Haisam, Malamin da Ya Tuhumi Idonsa

'Yan'uwa masu karanta wannan takarda tamu, na nan Nguru da waɗanda ake kai wa Gashuwa a motar safe, barkanmu da Juma'a.

Kafin mu shiga tarihin wannan mako, bari mu faɗi abin da ya sa muka zaɓi mai tarihin. Da yawanku kun ji abin da ya faru makonni uku da suka wuce. Bayan Magariba aka ɗauke wayar wani mai shago a bakin kasuwa. Wani bawan Allah ya rantse ya ga wanda ya ɗauka, dogo ne mai baƙar riga, irin yaran nan 'yan ci-rani. Kafin a kira Isha'i an damƙe wani yaronmu ɗan ga-ruwa, an fasa masa baki, an gurɗe masa hannu. Ba don dattawanmu biyu sun shiga tsakani ba, da Allah kaɗai Ya san inda abin zai tsaya. Kwana biyu aka sami wayar a hannun wani daban, wanda in ban da tsayi babu abin da ya haɗa shi da yaron.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, mutumin da ya yi shaidar ba maƙaryaci ba ne. Mun san shi. Da ƙafarsa ya zo masallacin nan neman gafara, idonsa cike da hawaye, kuma har lokacin yana mamakin kansa, don shi a ransa yaron ya gani. Hausawa suka ce gani ya kori ji. To idan ganin ne da kansa ya yi kuskure fa, wa zai kore shi?

Mu da muke zaune a garin da ba a binne cibiyarmu ba, wannan tambaya ta fi shafarmu. Wasunmu kakanninsu ne suka biyo jirgi tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, wasu daga Damagaram da Maraɗi suka gangaro, wasu kuma rani ne yake kawo su damina ta mayar. Duk mun san in abu ya ɓata baƙo ake fara kallo. Shi ya sa yau muka ɗauko tarihin wani baƙo irinmu, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan wannan tambaya.

Haihuwarsa da tasowarsa

Sunansa Abu Aliyu Hasan ɗan Hasan, an fi saninsa da Ibnul Haisam. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 Hijira, wato 965 Miladiyya. Basra gari ne na malamai da fatake, garin Hasanul Basari, inda Sibawaihi ya yi karatun nahawu. A zamanin da ya taso an riga an juya littattafan mutanen Yunan zuwa Larabci a Bagadaza: lissafin Iƙlidis, ilimin taurari na Baɗalamus, likitancin Jalinus da hikimar Arisɗo. Duk ya karance su.

Ibnu Abi Usaibi'a, mai littafin tarihin likitoci, ya kawo bayanin da ya jingina masa, cewa tun yana yaro saɓanin mutane yake damunsa. Kowane ɓangare ya riƙe ra'ayinsa, kowa yana ganin shi ne a kan daidai. Sai ya yanke a ransa cewa gaskiya ɗaya ce, hanyoyin nemanta ne suka sha bamban. Daga nan ya karkata ga lissafi da nazarin halittu, inda mutum zai iya aunawa ya gani, wani ma ya zo ya sake aunawa.

Alkawarin Kogin Nilu

Rayuwar Masar a wancan zamani a kan cikar Nilu take. Kowace shekara kogin yana cika ya malala gonaki ya janye, a yi shuka. In cikar ta gaza a yi yunwa, in ta wuce kima ta ci gari. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wanda ya ga yadda Kogin Yobe ya shiga gidaje a Gashuwa a 2022, ko ya ji dattawa suna faɗin yadda ruwan fadamun Haɗeja da Nguru ya sauya bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ya san abin da ruwa yake yi wa talaka.

Ibnul Ƙifɗi ya ruwaito cewa Ibnul Haisam, yana can ƙasarsu, ya furta cewa da zai je Masar da ya yi wa Nilu aikin da za a amfana da shi ko ya cika ko ya ragu. Magana ta kai kunnen sarkin Masar na lokacin, Alhakim bi Amrillah na daular Faɗimiyya, wanda ya hau mulki a 996. Sarki ya aika masa da kuɗi ya ce ya zo. Da ya iso, sarki da kansa ya fita bayan gari ya tarye shi. Aka haɗa shi da magina da ma'aikata, suka nausa kudu suna bin kogi.

Tun a hanya jikinsa ya fara sanyi. Ya riƙa ganin gine-ginen mutanen da, manyan duwatsu da aka sassaƙa aka jera da gwaninta, sai ya ce a ransa mutanen da suka iya wannan, da tare Nilu mai yiwuwa ne ai da sun riga shi. Ya isa wurin da ake kira Janadil, kudu da Aswan, inda ruwa yake gangarowa ta cikin duwatsu. Ya duba wannan gaɓa, ya haye ya duba waccan, ya auna. Abin da ya tsara a Basra bai dace da abin da ya tarar ba. Ya juyo ya je gaban sarki cikin kunya ya ce aikin ba zai yiwu ba.

'Yan'uwa, a tsaya a dubi wannan. Ga kuɗi an ba shi, ga ma'aikata, ga suna. Yana iya haƙa rami, ya jera duwatsu, ya yi shekara biyar yana cewa an kusa. Mu ai mun sha ganin tubalin da aka aza aka yi biki, har yau ciyawa ce a kai. Shi kuwa ya zaɓi ya ce na auna, maganata ta farko kuskure ce, alhali yana gaban sarkin da ya yi suna wajen kashe ma'aikatansa. Kuma lissafinsa daidai ne: ba a iya tare Nilu a Aswan ba sai a 1902, babbar madatsar kuwa sai a 1970 aka gama ta, da injinan zamani.

Sarki ya nuna kamar ya haƙura, ya ba shi wani muƙami a ofis. Ibnul Haisam ya karɓa don tsoro, amma ya san kansa yana bakin takobi. Sai ya shiga haukan ƙarya. Aka kama dukiyarsa aka ajiye, aka tsare shi a gida da mai kula da shi. Haka ya zauna har shekara ta 411 Hijira, wato 1021, lokacin da sarki ya fita wani dare wajen tsaunin Muƙaɗɗam bai sake dawowa ba. Nan take mahaukaci ya warke, aka mayar masa da kayansa.

Zaman ƙofar Azhar

Bai koma neman muƙami ba. Ya sami wani ɗan ɗaki mai ƙubba a bakin ƙofar Masallacin Azhar a Alƙahira ya zauna. Abincinsa daga alƙalaminsa yake fitowa. A kowace shekara yakan kwafe littafin Iƙlidis, da babban littafin taurari na Baɗalamus, da ƙananan littattafan da ake karantawa tsakaninsu. Rubutunsa mai kyau ne kuma babu gyara, don ya san abin da yake kwafa. Mai saye ya zo ya ba shi dinari 150, shi ke nan guzurin shekara ya samu, sauran lokacin kuma na bincike ne da karantarwa.

Sunayen rubuce-rubucensa da aka lissafa sun haura 90, fiye da 50 sun iso zamaninmu. Ya yi rubutu a kan fitar da alƙibla da lissafi, da hasken wata, da bakan gizo, da siffar kusufin rana. Amma wanda ya fi shahara shi ne Kitabul Manazir, littafin gani da haske, mai kashi bakwai.

Yaya ido yake gani?

Malaman da suka gabace shi sun rabu biyu. Masu lissafi, su Iƙlidis da Baɗalamus, suka ce wani haske ne yake fita daga ido ya je ya taɓa abu, kamar makaho da sandarsa. Mabiya Arisɗo suka ce a'a, siffar abu ce take tahowa ta shiga ido. An fi shekara dubu ana wannan ja-in-ja, kowa yana kafa hujja da malaminsa.

Ibnul Haisam bai tsaya tambayar wane malami ya fi girma ba. Ya ce a koma farko a gwada. Kalmar da yake amfani da ita ita ce i'itibari, mai yin gwajin kuma mu'utabiri. In zai bayyana gwaji sai ya faɗi kayan da za a nema, da tsawonsu, da yadda za a ajiye su, don duk mai shakka ya je ya yi da hannunsa.

Ya fara da abin da kowa ya sani. In ka kalli rana idonka zai yi zafi. In ka daɗe kana kallon farin abu a cikin rana, sa'an nan ka juya wajen duhu, za ka ci gaba da ganin alamarsa. Ke nan wani abu ne yake shigowa daga waje ya yi wa ido tasiri. Sai ya ɗauki miƙaƙƙen bututu ya leƙa ta ciki: abin da yake daidai bakin bututun kaɗai ake gani, in an toshe wani sashe na bakin, sashen abin da ke daidai wurin ya ɓace. Ke nan gani a miƙe yake tafiya.

Sa'an nan gwajin ɗaki mai duhu. A jera fitilu a wurare daban-daban a waje, a bar 'yar ƙaramar kafa ɗaya da haske zai shiga ɗakin. A bangon ciki za a ga ɗigon haske adadin fitilun. A rufe fitila ɗaya, ɗigo ɗaya ne zai mutu, wanda yake daidai da ita. A buɗe, ya dawo. Duk hasken ta kafa ɗaya ya bi, amma bai cakuɗe ba.

Wannan mun gwada shi da kanmu daren Talata, mu da yaran makarantar dare. Muka toshe tagar ɗakin ajiyar tabarmi da kwali, muka huda da ƙusa, aka kunna kyandir uku a waje. Ɗigo uku suka fito a bango. Da aka tare kyandir na dama, sai ɗigon hagu ya mutu. Yaran suka yi ta ihu a sake. Aka sake har sau bakwai, bai taɓa saɓawa ba. Sirrin duka shi ne, abu ɗaya ake sauyawa a bar sauran yadda suke, don in an ga bambanci a san daga ina ya zo.

Ido ya kawo, hankali ya yanke

Kashi na biyu da na uku na littafin su ne suka fi shafar maganarmu ta yau. A nan ya bar haske ya koma kan mai kallon.

Ya ce abin da ido yake karɓa da kansa biyu ne kawai: haske da launi. Ya lissafa abubuwa 22 da muke cewa mun gani, irin su nisa, girma, siffa, motsi, adadi, kaushi, santsi, kyau, muni da kamanni. In ka cire haske da launi, sauran duk sai hankali ya sa hannu, ko ta hanyar tuna abin da ya taɓa gani, ko ta hanyar ƙiyasi. Kuma ƙiyasin yana gudana da saurin da mutum ba ya jin ya yi shi. Sai ya ɗauka gani kawai ya yi, alhali gani ya yi ya kuma yanke hukunci.

Ya kawo misalai. Wanda ya iya karatu, in ya hangi kalmar da ya saba da ita, yakan gane ta tun bai bi haruffanta ɗaya bayan ɗaya ba. Ƙaramin yaro in aka miƙa masa 'ya'yan itace biyu zai ɗauki wanda ya fi kyau, ya kwatanta ke nan, alhali bai san mene ne kwatantawa ba. Abin wasan yara mai juyawa irin katantanwa, in aka shafa masa launuka aka murza, sai a ga launi ɗaya wanda babu shi a jikinsa, don ido yana bukatar lokaci kafin ya tantance.

A kan nisa ya ce ba ma gane shi sai da taimakon abubuwan da suke jere tsakaninmu da abin, kamar ƙasa da bishiyoyi da gidaje. In ka leƙa ta ƙaramar kafa ka hangi bango biyu, ɗaya a gaba ɗaya can baya, ba ka ganin ƙasar da ke tsakaninsu, za ka ɗauka a manne suke. Da wannan ya bayyana abin da kowannenmu ya taɓa gani a daren sha huɗu: wata yana fitowa ƙato ta bayan dabino, in ya hau tsakiyar sama ya ƙanƙance. Watan bai sauya ba. Hankali ne yake ɗaukar na gefen ƙasa ya fi nisa, sai ya ƙara masa girma. Wanda yake musu ya naɗe takarda siririya ya leƙa watan ta ciki lokacin fitowarsa, zai ga ya koma daidai.

Don ya gane yadda ido biyu suke ba da hoto ɗaya, ya sa aka yi masa allo mai tsawon kamu ɗaya da faɗin yatsu huɗu, aka fafe wurin hanci a gefe guda, ya ja layuka masu launi a kai, ya dasa 'yan ginshiƙai na kakin zuma. In ka kafa ido a kan na tsakiya, wanda yake gabansa ko bayansa sai ya zama biyu. Ku gwada yanzu: ɗaga yatsa ɗaya kusa da hanci, ɗaya can gaba, ka kalli na kusa, na nesa zai rabu biyu. A kan allon nan dai ya ɗora 'yan takardu masu rubutu, ya nuna cewa kalmar da aka kafa wa ido ce kaɗai take fita sarai, ta gefe kuwa tana dushewa gwargwadon nisanta daga tsakiya.

Sharuɗɗa takwas

Daga nan ya tattara sharuɗɗan da sai sun daidaita gani yake inganta. Takwas ne: nisan abin, da inda yake fuskantar ido, da haske, da girman abin, da kaurinsa yadda zai tare haske, da tsabtar iskar da ke tsakani, da isasshen lokaci, da lafiyar idon. Kowanne yana da iyaka. In ɗaya ya fita daga iyakarsa, kuskure ya samu ƙofa, kuma mai kallon ba zai ji a jikinsa cewa ya yi kuskure ba.

To mu ɗora wannan ma'auni a kan abin da ya faru a bakin kasuwa. Bayan Magariba ne, haske ya tafi. Hazo ya sauka, iska ba ta da tsabta. Mai shaidar yana tsallaken titi. Ɓarawon a guje yake, ganin bai wuce ƙiftawar ido biyu ba. Ta gefen ido ya fara hango shi. Sharuɗɗa biyar cikin takwas sun faɗi. Abin da ido ya kawo shi ne dogon abu mai duhu yana gudu. Sauran, wato fuska da suna da asali, hankali ne ya cike da abin da ya saba zato. Direbobinmu masu bin hanyar Nguru zuwa Gashuwa da rana tsaka sun san kawalwalniya: ido ya ce ga ruwa a kan kwalta, amma ba wanda yake taka burki, don an gwada an san halinta. Matsalar ita ce kuskuren da ba mu riga mun san halinsa ba.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ya rasu a Alƙahira wajen 430 Hijira, kusan 1040 Miladiyya, yana da shekara saba'in da 'yan kai, nesa da garin haihuwarsa. Cikin abin da ya bari akwai littafin da ya tattara shakkunsa a kan Baɗalamus, malamin da ya fi kowa amfana da shi. A gabatarwarsa ya yi gargaɗi cewa girman malami ba ya kare shi daga kuskure, kuma mai bincike ya tuhumi kansa kamar yadda yake tuhumar abin da yake karantawa.

Shi ma an yi masa hakan. Ya ɗauka cewa wurin da ido yake fara jin haske shi ne ɗan farin abin nan da ke bayan baƙin ido, wanda yana take rufewa in an tsufa. Sai a 1604 wani Bajamushe mai suna Kepler ya nuna cewa hoton yana sauka ne a tantanin da ke can ƙarshen ido, kuma a kife. Da hanyar Ibnul Haisam aka gyara Ibnul Haisam.

Littafinsa ya yi tafiya. An juya shi zuwa Latin wajen shekara ta 1200, Turawa suka riƙa kiransa Alhazen, aka buga shi a birnin Basel a 1572. A ƙasashen Musulmi, Kamaluddin Alfarisi ya yi masa sharhi wajen shekara ta 1300, har ya bayyana bakan gizo ta hanyar gwaji da ƙwallon gilashi cike da ruwa. Yau akwai wani rami a jikin wata mai sunansa, Iraƙi ta taɓa sa hotonsa a takardar dinari 10,000 a 2003, kuma an tuna da shi a 2015 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a matsayin shekarar haske.

Masu gwaji na yau

Ilimin halayyar ɗan Adam a matsayin fanni mai zaman kansa ana ƙirga shi ne daga 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Leipzig ta Jamus. Wani masani ɗan Sudan, Umar Khalifa, ya yi rubutu a 1999 yana cewa Ibnul Haisam ne ya cancanci a kira mafarin wannan gwaji. Wasu suka ce a'a, don bai tara mutane da yawa ya auna amsoshinsu da alƙaluma ba. Mu dai ba za mu raba wannan gardama ba. Abin da ya fi mana amfani shi ne, masu binciken yau suna da hanyoyi uku manya, kuma duka ukun sun dawo kan maganarsa.

Ta farko, gwajin cikin ɗaki, inda mai bincike yake riƙe da komai, kamar ɗakin nan mai duhu. A 1974 a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, suka raba su rukuni-rukuni. Kowa abu ɗaya ya kalla, kalma ɗaya kawai aka sauya a tambaya. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nufin motocin sun ragargaje sun faɗi gudu mafi yawa fiye da waɗanda aka ce wa motocin sun bugi juna. Bayan mako guda, sun kuma fi yawan cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Ashe yadda aka yi maka tambaya ma yana sauya abin da ka gani.

Ta biyu, gwajin fili, a cikin jama'a ba tare da sun san ana gwaji ba. A 1998 Daniel Simons da Daniel Levin suka sa mutum ya tsayar da mai wucewa yana tambayar hanya. Ana cikin magana sai wasu su ratsa tsakaninsu ɗauke da ƙyauren ƙofa, a bayan ƙyauren a musanya mai tambayar da wani. Kusan rabin mutanen ba su lura an sauya musu mutum ba. Da rana tsaka fa, gaba da gaba.

Ta uku, gwajin da ba mai bincike ne ya shirya shi ba, faruwa ya yi shi kuma ya auna, kamar yadda Ibnul Haisam ya jira kusufin rana. A Indiya an yi wa wasu yara da aka haifa da yanar ido aiki suka fara gani. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna cewa da farko ba su iya haɗa abin da suka shafa da hannu da abin da suke kallo ba, sai bayan 'yan kwanaki suka koya. Wato gane abu koyonsa ake yi. An kuma sha tabbatarwa cewa mutum ya fi rikita fuskokin mutanen da bai saba da irinsu ba. Wannan kuwa mu baƙi a kanmu yake ƙarewa, kuma mu ma muna yi wa wasu.

Abin da kwamiti yake roƙo

Ba cewa muke a daina yarda da shaida ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma da shi muke rayuwa. Roƙonmu shi ne, in wani ya ce na gani, ko da mu ne da kanmu, a yi tambaya kafin a ɗaga hannu. Wane lokaci ne? Akwai haske? Daga ina ka hango? Tsawon wane lokaci? Ka san shi tun da, ko kama ce? Kai ka fara faɗin sunan, ko wani ne ya faɗa ka amsa? In an kama wanda ake zargi, a kai shi wurin mai unguwa ko hukuma da lafiyarsa. Wanda aka tsare bisa kuskure ana sakinsa, amma wanda aka kashe bisa kuskure ba a dawo da shi.

Haka nan saƙonnin da ake turowa a WhatsApp, musamman a kan ciwon ƙodar nan da ya addabi Gashuwa da kewaye, kowa da sanadinsa kowa da maganinsa. A tambaya wa ya gwada, a kan mutum nawa, da wa aka kwatanta. Mai jin alama a jikinsa ya je asibiti a auna shi.

Kuma wanda ya gane ya yi kuskure ya faɗa, kamar yadda Ibnul Haisam ya faɗa a gaban sarki, kamar yadda ɗan'uwanmu mai shaida ya zo ya faɗa a gabanmu. Yaron ya yafe masa. Amma hannun bai warke ba, kura tana ajiye, kuma shi yake aika wa mahaifiyarsa abin cefane. Za a ajiye kwali a ƙofar gabas bayan sallama, 'yan'uwa na Gashuwa kuma su ba wa mai kawo muku takarda. Iyayen da suke son 'ya'yansu su ga gwajin kyandir su turo su daren Talata bayan Isha'i.

Allah Ya jiƙan Hasan Ibnul Haisam, Ya ba yaronmu lafiya, Ya tsare idanunmu da harsunanmu daga cutar da bayinSa, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren masallaci, a madadin kwamiti.